Ka Buɗe Ido, Ka Ga Aikin Allah

Ya ɗan'uwana mai bi, yaushe rabonka da ka yi mamakin aikin Allah? Da yawa cikinmu muna tsammani sai an ga makaho ya sami gani, ko gurgu ya tashi, sa'an nan a ce Allah ya yi abin al'ajabi. Amma ayyukansa sun cika gonarka da tsakar gidanka. Yau da gobe ce ta sa ba ka lura da su. Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Zuciyar da ta daina mamaki takan daina godiya, bakin da ya daina godiya kuwa gunaguni yake koya. Ka tara iyalinka, ku karanta Ayuba 12:7-10. A can an aike mu wurin dabbobi da tsuntsaye da ƙasa domin su koya mana. To, bari mu je.

Ƙwayar hatsi

Ka ɗauki ƙwayar hatsi guda a tafin hannunka. Ba ta motsi, ba ta numfashi yadda za ka gani. Ta yi wata da watanni cikin rumbu kamar tsakuwa. Amma ran da ruwan shuka ya sauka, ka binne ta da diddige, cikin ƴan kwanaki sai ga tsiro. Saiwa ta nufi ƙasa, ganye ya nufi sama, ko ta yaya ƙwayar ta kwanta cikin rami. Wa ya nuna mata hanya? Bayan kamar wata 3, zangarniya guda takan ɗauki ƙwaya fiye da 1,000. Kai ka yi shuka, ka yi noma, ka yi maimai, amma ba kai ka sa rai a ciki ba. Abin da Yesu ya nuna ke nan cikin Markus 4:26-29. Manomi yana barci, Allah yana aiki.

Gawo

Ka dubi gawon da ke cikin gonarka. Sauran itatuwa da damana suke yin ganye. Shi kuwa gawo, da damana yake kaɗe nasa, domin haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba bisashe inuwa, ƴaƴansa su ciyar da awaki da tumaki. Bisashen nan kuma su bar kashinsu a gindinsa. A jikin saiwoyinsa akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna ɗauko abincin shuka daga iska suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Ka ga yadda abu ɗaya ya dace da wani? Wannan shiri ne na Mai hikima.

Shamuwa da randa

Kowace shekara, gab da faɗuwar damana, shamuwa takan dawo ta yi sheƙa a kan itatuwan gari. Da rani tana can kudancin Afirka da gabashinta, tafiya mai nisan gaske. Ba ta da kalanda, ba ta da ɗan jagora, duk da haka ba ta ɓata. Cikin Irmiya 8:7 Ubangiji ya kunyata jama'arsa da wannan: tsuntsu ya san lokacinsa, mutane kuwa sun ƙi sanin nufin Mahaliccinsu.

Ke ma uwargida, aikin Allah yana hannunki. Me ya sa ruwan randa yake sanyi a tsakiyar bazara? Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi. Ruwa kaɗan yana tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka zufa take sanyaya jikinki. Kafin maginiya ta san wannan dabara, Allah ya riga ya sa ta cikin yumɓu da ruwa da iska.

Mai lura yana samun albarka

A shekara ta 1983, wani ma'aikacin mishan a ƙasar Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dashen itatuwan da yawancinsu mutuwa suke yi. Ya yi addu'a. Sai ya lura da ƴan tsire-tsiren nan da manoma suke sassabewa kowace shekara, ya gane tohon kututture ne, saiwoyin kuwa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar toho mai ƙarfi, aka rage sauran, itace zai tashi da sauri. Bayan yunwar 1984 manoma da yawa suka gwada, maƙwabta suka gani suka bi. Daga baya masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a gonakin Nijar. Kyautar Allah tana ƙarƙashin ƙafafun mutane tun da daɗewa, ido ne kawai bai gan ta ba.

Faɗakarwa

Sai dai ka yi hankali. Romawa 1:19-25 ya nuna halitta shaida ce ta ikon Allah, amma mutane suka juya suka yi wa halitta sujada. Har yanzu akwai masu yanka kaza a gindin kuka ko tsamiya domin tsoron iskoki, akwai masu binne laya a gona. Wani mai bi ma, in ruwa ya yi jinkiri, zuciyarsa takan karkata can. Ɗan'uwa, in sarki ya aiko maka da riga, manzon za ka durƙusa wa, ko kuwa sarkin za ka gode wa? Itace bawa ne kamarka. Kada ka ji tsoronsa, kada kuma ka wulakanta shi. Farawa 2:15 ya nuna an sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta.

Wataƙila ka ce, "Rumbuna ya kusa ƙarewa, ina ni ina kallon tsuntsaye?" Ga masu damuwa irin taka ne Yesu ya yi maganar da ke cikin Matiyu 6:25-34. Bai ce yunwa wasa ce ba. Ya nuna maka kana da Uba, ka kuma fi tsuntsu daraja a gare shi.

Halitta tana gaya maka akwai Mahalicci, amma ba ta iya gafarta zunubi. Cikin Yahaya 12:24 Yesu ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar da aka binne. Ya mutu dominka, aka binne shi, a rana ta 3 ya tashi. Duk ran da ka ga tsiro ya huda ƙasa, ka tuna da wannan. Ka ba da gaskiya gare shi?

Abin yi cikin makon nan

1. Kowace maraice bayan tuwo, bari kowa a gidan, har da yara, ya faɗi abu guda da ya gani a ranar, a gode wa Allah dominsa.
2. Ku karanta Zabura 104 tare. Halittu nawa cikinta kuke gani a garinku?
3. Ka kai ƴaƴanka gona, ku nemi kututture mai toho, ku gyara shi, ku bar shi ya girma.

Addu'a

Ya Ubangiji Mahalicci, ka buɗe idanunmu mu ga aikin hannunka. Ka kawar da gunaguni daga bakinmu, ka cika shi da yabo. Kai kaɗai za mu yi wa sujada. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.