DARASI: Allurar Yara, Ƙarfinta Yakan Kai Yaushe?

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, in mun taso daga kasuwar Muwailih ta Omdurman mukan zauna shan shayi a Suk al-Arabi, a Hartum. A irin wannan zama sau da yawa akan yi gardama: wai yaro in an yi masa allura yana jinjiri, shi ke nan har abada? To, ga bayani.

Mu fara da abin da muka sani. Allurar bushiya sau ɗaya ake yi wa sa, ta riƙe shi har mutuwa, da ita aka kawar da cutar daga duniya a 2011. Amma ta ciwon huhu sai an sabunta duk shekara. Ta yara ma haka take, kowace da nata wa'adin.

1. Allurar nan mai haɗe da cuta biyar, wadda ake yi a sati 6, 10 da 14. Kariyarta daga ciwon hanta takan daɗe shekaru da yawa. Amma ta mashaƙo, da tarin lala, da sarƙe-haƙora, ƙarfinsu na raguwa sannu a hankali. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara ta mashaƙo da sarƙe-haƙora sau uku: wata 12 zuwa 23, shekara 4 zuwa 7, da 9 zuwa 15.

2. Ƙyanda. Allura ɗaya ba ta kama kowane yaro. In an yi biyu, galibi ta wadatar har tsufa.

3. Shawara. Ɗaya ta isa, kuma tun 2016 katinta mai ruwan ɗorawa ba ya mutuwa. A riƙe wannan a bakin iyaka.

Abin tsoro fa, yaƙi ya karya rigakafi a Sudan: a 2024 jariran da suka samu allurar farko ba su kai rabi ba. Mun kuma ga ɓarnar da mashaƙo ya yi a Kano a 2023.

Saboda haka wanda ya kwaso iyali ya ƙetare, ya kai katin yara asibiti. Wadda ta tsallake ba sai an faro daga farko ba, ɗorawa ake yi. Yaranmu masu bin shanu, da ke taka ƙaya da ƙusa cikin kashin dabbobi, su suka fi buƙatar ƙarin ta sarƙe-haƙora.

Ba ma sayen sa ba mu duba haƙoransa ba. Katin ɗanmu ya fi cancanta mu duba. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.