Amsar Tambaya: Tallafin Karatu Ko Sunan Jami'a?

Hajiya, tunda jami'o'in Amurka biyu sun karɓi ɗanki, kada yawan tallafin ya ruɗe ki. Ki lissafa abin da zai rage a wuyanku na shekara 4, har da masauki da inshorar lafiya, domin bizar F-1 ba ta yarda ɗalibi ya wuce awa 20 yana aiki a mako lokacin karatu ba. Tallafin ma akan janye shi idan maki ya faɗi. Ki bincika ko sashen kasuwancin da zai yi karatu yana da shaidar inganci ta AACSB, kuma ko kai tsaye aka ɗauke shi a sashen, don wasu jami'o'in sai daga baya suke tacewa. In jami'a mai rahusar ta cika waɗannan, ku zaɓe ta. Kada ku ci bashi saboda suna.