Darasi: Doka ta Takwas da Zargin "Infoma"

Darasinmu na wannan fitowa yana kan doka ta takwas, wadda ta hana ba da shaidar zur a kan maƙwabci. Idan ɗan'uwa daga ECWA ya ce maka ta tara ce, kada ku yi gardama. Lissafin ne ya bambanta, dokar ɗaya ce, tana cikin Fitowa 20:16. Da yawanmu mun haddace ta tun a ajin katekizim, muka ɗauka maganar kotu ce da alƙali. Amma a ƙauyukan Batsari da Safana akwai kalma ɗaya da takan yanke wa mutum hukunci ba tare da an je kotu ba, wato a ce masa "infoma".

Ba ma raina tsoron da ya haifi wannan zargi. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin Dajin Rugu, kuma sun sha wuya. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da namu biyu, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu labari. Masu kai labarin akwai su, babu mai musun wannan. Abin tambaya shi ne yadda mai bin Almasihu zai riƙe harshensa a wurin da kowa ke kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido.

Bari mu fara da laifinmu. Wata shekara muna rubuta sunayen waɗanda za su karɓi masara da takin zamani a wani ƙauye. Da muka zo kan wata gwauruwa, sai mutum biyu suka ja mu gefe. Suka ce an sace ɗanta tare da wasu, shi ya dawo bayan 'yan makonni, sauran ba su dawo ba, kuma ba wanda ya ga an tara masa kuɗin fansa. Ba su ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Muka tsallake sunanta, muna ce wa kanmu taka tsantsan ne. Bayan girbi muka ji gaskiyar. Ƙaninta da ke birni ne ya sayar da babur ɗinsa ya biya, ita kuma ta yi shiru don kada a ji gidansu na iya fitar da kuɗi a sake dawo musu. A tsakanin nan mata sun daina aika 'ya'yansu ɗibar wuta a gidanta, yaron kuma ya bar zuwa kasuwa don gudun abin da zai iya samunsa a hanya.

Ba mu yi ƙarya ko ɗaya ba, amma mun karya dokar. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya raba wannan zunubi gida uku a lamba ta 2477. Akwai saurin yanke hukunci, wato ka yarda a zuciyarka cewa wani ya yi laifi ba tare da isasshiyar hujja ba, ko da ba ka furta ba. Akwai tonon asiri, wato ka bayyana laifin wani ga waɗanda ba su sani ba, ba tare da dalili mai ƙarfi ba. Sai ƙazafi, wanda shi ne ƙarya tsagwaronta. Namu na farkon ne, kuma shi ya fi saurin kama mutanen kirki, domin mai yin sa yana ganin hankali yake yi.

Ku karanta labarin Nabot a 1 Sarakuna sura 21. Sarki Ahab yana son gonar inabinsa, Nabot ya ƙi sayar da gādon kakanninsa. Yezebel ta rubuta wa dattawan garin, aka yi shelar azumi, aka kawo mutum biyu suka ce ya zagi Allah da sarki, aka fitar da shi aka jajjefe shi. Ku lura da abu biyu. Waɗanda suka aikata dattawan garinsa ne, mutanen da suka san shi. Kuma a ido an cika Shari'ar Musa, wadda ta ce sai da shaidu biyu ko uku. Shaidun biyu ne, amma bakinsu daga tushe ɗaya ya fito. Haka namu mutum biyun suka kasance: ɗaya daga ɗayan ya ji. Kada kuma mu manta akwai gona a ƙarƙashin maganar Nabot. Idan aka ce wane infoma ne, yana da kyau mu tambayi kanmu ko akwai tsohuwar rigimar iyaka, ko bashi, ko neman aure tsakaninsa da mai faɗa.

Littafi Mai Tsarki namu na Katolika yana da labarin Suzana a Daniyel sura 13. Dattawa biyu suka yi mata ƙazafin zina, jama'a suka gaskata saboda girmansu, har an kama hanyar kashe ta. Saurayi Daniyel ya sa aka raba su, ya tambayi kowanne a ƙarƙashin wane itace ya ga abin. Amsoshin suka saɓa, ta kuɓuta. Daniyel bai yi wa'azi ba, tambaya ya yi. Wannan ko ƙaramin ɗan kwamiti zai iya: Baba, da idonka ka gani, ko ji ka yi? A ina? Wace rana? Wa ke wurin?

To idan gaskiya ne fa? Wani zai ce shirun nan na iya jawo a kashe gari guda. Ikilisiya ba ta ce a yi shiru ba. Idan ka ga wani yana kai fetur ko abinci daji da dare, kare rayuka dalili ne mai ƙarfi. Kai maganar wurin wanda hakkinsa ne ya sani, mai unguwa ko dagaci ko jami'an tsaro, ka faɗi iyakar abin da ka gani, kada ka ƙara gishiri. Teburin mai shayi da bakin rijiya ba su da ikon bincike, yaɗawa kawai suka iya. Haka nan babu wanda ya zama mai laifi don shi Bafulatani ne, ko don yana da sabuwar waya. Fulani da yawa an kwashe musu shanu kamar kowa. Maƙwabtanmu Musulmi ma malamansu suna yi musu gargaɗi a kan giba da annamimanci, don haka a kwamitin da muke zaune tare wannan ba baƙuwar magana ba ce.

Saura gyara, kuma nan ne ya fi nauyi. Lamba ta 2487 ta koyar cewa ko an gafarta wa mutum, wajibin gyara ɓarnar yana nan a kansa. Furta zunubi a gaban Fada bai mayar wa gwauruwar nan da sunanta ba. Mun kai mata buhunta, ta karɓa, amma ta nuna mana ba masarar ce ta fi damunta ba. Sai da muka nemi izininta, domin sirrin kuɗin nata ne, sa'an nan muka tsaya a ƙofar mai gari muka ce mun yi kuskure a kan gidanta, ba tare da ambaton wanda ya biya ko nawa aka biya ba. Wasu sun karɓa. Wasu har yanzu ba sa sayen ƙosanta.

Tun daga lokacin, ba a cire sunan kowa daga takardar rabo saboda raɗa. Mai ƙorafi zai faɗe shi a gaban aƙalla mutum uku na kwamiti, a kuma ji ta bakin wanda ake zargi. Muna roƙon katekistoci da shugabannin Zumuntar Mata su karanta labaran Nabot da Suzana a taronsu na gaba, su tattauna wannan tambaya: wane gida ne a unguwarmu aka daina shiga, kuma wa ya ga laifinsa da idonsa?