KIWON ƁERAN MASAR: ABINCIN 'YA'YA DA NA MANYA

Ya kai mai karatu, ko kai manomi ne ko dagaci, ka sani an rubuta wannan takarda domin wata asara da ke aukuwa ga masu kiwon ɓeran Masar. Da damina su kan yi ta haihuwa, 'ya'yansu su yi ɓul-ɓul. Da rani ya tsaya sai ka ga suna ramewa, suna ɗingishi, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai gida ya ce annoba ce. Galibi kuwa abinci ne ya gaza.

1. ASALINSA

Ko da ya ke ana ce masa ɓeran Masar, asalinsa duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, wajen Peru da Bolibiya, inda mutane su ka fara kiwonsa tun shekaru dubbai. Manoman Kamaru da Kwango ma suna kiwonsa, kashinsa kuwa taki ne mai kyau ga lambu. Dabbar ciyawa ce tamkar doki. Haƙoransa 20 ne, ba su daina tsawo muddin ransa, taunar ciyawa ita ke goge su. In ya rasa abin tauna sai su yi tsawo har ya kasa ci.

2. DAGA HAIHUWA ZUWA YAYE

Uwa ta kan ɗauki ciki kwana 59 zuwa 72, ta haifi biyu, ko uku, ko huɗu. Ɗan ya kan faɗo da gashinsa da haƙoransa, idonsa buɗe, ran nan kuma ya fara tafiya. Nauyinsa wajen giram 100 ne, watau kamar ƙwan kaza biyu. Wanda ya kasa giram 60 da wuya ya ke rayuwa.

Uwar hantsa biyu kaɗai gare ta. Saboda haka in ta haifi huɗu, ka lura da ƙaramin, kada 'yan'uwansa su danne shi. Ka riƙa ɗauke manyan kaɗan, ka bar shi ya sha ya ƙoshi.

Tun cikin kwanakin farko su kan fara tsintar abin da uwarsu ke ci, don haka ka zuba musu ciyawa mai laushi a ƙasa inda bakinsu zai kai. In ka ga suna cin kashin uwarsu kada ka hana su. Daga nan su ke samun ƙwayoyin halitta masu taimakon hanji narkar da ciyawa.

Ka yaye su da mako 3, sa'an nan ka ware maza dabam. In ka yi jinkiri, namiji ya kan hau uwarsa ko ƙanwarsa, ƙaramar mace kuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana da mako 5, cikin ya wahalshe ta.

3. MARAYA

In uwa ta mutu, abin da ya fi shi ne ka sa 'ya'yan ƙarƙashin wata mai shayarwa, bayan ka goga musu shimfiɗarta don su ɗauki warinta. In babu, ka daka ganyen harawa ya yi laushi, ka gauraya da 'yar dusa da ruwan ɗumi, ka ba su a cokali kowane awa 2 ko 3, su lasa da kansu. Kada ka ɗura musu, domin abin ya kan faɗa huhu ya kashe su. Madarar shanu kuwa ta kan ɓata musu ciki. Bayan ci ka shafa musu gindi da tsumma mai ɗumi, yadda uwa ke lasa, don su yi fitsari da kashi.

4. ƊANYEN GANYE

To, ga babbar magana. Akuya da zomo jikinsu na yi musu wani sinadari da likitoci ke kira bitamin C. Ɓeran Masar da ɗan Adam ba su iyawa, sai sun ci shi cikin abinci. A shekarar 1907 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, su ka ciyad da ɓerayen Masar da hatsi zalla, sai su ka kamu da irin ciwon da ke kama matuƙan jirgin ruwa: dasashi na zub da jini, gaɓoɓi na kumbura. Waɗanda a ka haɗa wa ɗanyen kabeji ba su kamu ba.

Wannan shi ne ciwon rani. Shanya tana lalata bitamin C, busasshiyar ciyawa da dusa kuwa ba su da shi, cikin mako 2 ko 3 sai alamu su bayyana. Kowane ɗaya na bukatar miligiram 10 zuwa 30 kullum, mai ciki da mai shayarwa su ne a sama. Yankin gwaba kamar ɓarin goro ya isa ɗaya. Tattasai marar yaji, da gwanda, da ɗanyen zogale kaɗan, duk suna da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kaka ka shuka ɗan kwami na dankalin Hausa da latas kusa da rijiya, ka riƙa tsinko musu ganye safe da yamma.

5. ABINCIN KULLUM

Ciyawa ita ce tuwonsu, kada ta yanke dare da rana: kyasuwa, da gamba mai laushi, da ganyen masara. Harawar wake da ta gyaɗa ta dace da 'ya'ya da uwayensu, amma manya ka rage musu, domin yawanta na kawo tsakuwa a mafitsara. Dusa kaɗan, karas kaɗan. Sabon abinci kuwa ka shigo da shi sannu a hankali. Ruwa mai tsabta kullum, cikin kasko marar zurfi, kada 'ya'ya su faɗa ciki. Da bazara ka ajiye su a inuwa mai iska, domin zafi na kashe su da sauri.

6. ABIN DA BA A BA SU

Albasa da tafarnuwa. Ganyen tumatir, da ganyen dankalin Turawa da koren ɓawonsa. Ɗanyen rogo. Tumfafiya, da zurma, da zaƙami, da tinya. Nama da sauran tuwo. Ciyawar da a ka fesa wa magani, da wadda ta kwana a buhu ta yi zafi, ita kan kumbura ciki. Har wa yau kada ka ba su maganin mutane: fenisilin da ke warkad da kai ya kan hallaka su. In ɗaya ya yini bai ci ba, ka nemi malamin dabbobi ran nan.

Kai kuwa dagaci, in ka karanta ka tara masu kiwo, musamman yara, ka karanta musu, tun ba a shiga rani ba. Haza wassalam.