Kafin Ku Aika wa Malam Takardar Gayyata

'Ya'yana matasan ikkilisiya, na ji kuna shawarar gayyato masanin Littafi Mai Tsarki ya yi muku koyarwa a taronku na shekara. Raina ya yi fari da wannan labari. Matashin da ke neman wanda zai buɗe masa Maganar Allah ya kama hanya mai kyau. Sai dai ku ba ni aron kunnuwanku, domin gayyatar malami aiki ne, kuma rabin aikin yana wuyanku ne tun kafin ya bar gidansa.

Ku fara da tambayar kanku: me muke so mu sani? Sau da yawa akan fara da suna. A ce wane ya shahara, in an sa hotonsa a fosta majami'a za ta cika. Ku bar suna tukuna. Ku zauna ku rubuta abin da ke damunku da gaske: yadda za a karanta Ru'ya ta Yohanna ba tare da firgita ba, ko matsayin dokokin Littafin Firistoci ga Kirista a yau, ko abin da Yesu ya koyar kan ƙaunar maƙiyi a garin da aka taɓa ƙona gidaje. In tambaya ta fito fili, ita za ta nuna muku malamin. Wani ya ƙware a Tsohon Alkawari da Ibrananci, wani a wasiƙun Bulus da Helenanci, wani kuma a tarihin ikkilisiya. Kada ku ɗora wa mutum kayan da ba nasa ba.

Kada kuma ku ɗauka sai daga ƙetare ake samun masani. Muna da makarantun tauhidi kamar TCNN a Bukuru, wadda aka kafa a 1959, da JETS a Jos tun 1980, da wasu a Kagoro da Gindiri. Marigayi Byang Kato ɗan Kwoi ne, ya yi karatu har digiri na uku a Amurka, ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a 1975 yana da shekara 39, amma har yau ana karanta rubutunsa. A 2006 masana 70 'yan Afirka suka fitar da sharhin dukan Littafi Mai Tsarki cikin kundi guda. Malamin da ya san kuɗin taki da kukan gwauruwa a ƙauyenmu yakan kai magana inda take bukatar zuwa. In Allah ya kawo baƙo daga nesa, ku karɓe shi hannu bibbiyu, amma kada ku raina na gida.

Kafin ku rubuta takarda, ku je wurin fastonku da dattawa. Bagadi amana ce a hannunsu, su za su amsa in an koyar da abin da ya raba kan jama'a. Wataƙila ma sun san malamin tun suna makaranta tare. Bayan sun amince, ku rubuta da wuri, watanni kafin ranar, domin malamin makaranta yana da aji da jarrabawa da iyali. Ku faɗa masa batun, da yawan lokacin da kuka ware, da irin mutanen da za su zauna gabansa, da harshen da za a yi amfani da shi.

Maganar harshe ina so ku riƙe ta da kyau. Ku dubi kujerun gaba ranar Lahadi. Akwai Mama mai tabarau ɗaure da zare, Littafinta na Hausa ya sha hannu har bangon ya saki, ta naɗe shi cikin leda saboda damina. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da su Dakta Miller na Wusasa suka sha tare da Hausawan da suka taya su aiki. Bai kamata a tara irin su Mama a yi ta zuba Turanci sama da kansu ba. In malamin bai iya Hausa ba, ku nemi tafinta wanda ya san Littafi, ku haɗa su tun ana gobe taro su bi ayoyin tare. Ku tuna Nehemiya sura 8: da Ezra ya karanta Shari'a a dandalin Ƙofar Ruwa, Lawiyawa sun bi jama'a suna bayyana ma'anar, mutane kuwa suka koma gida da murna saboda sun gane.

Sai ranar taro. Kun san yadda takan kasance: ƙungiyoyin mawaƙa su yi layi, sanarwa ta yi tsawo, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, a karɓi baiko, sai rana ta take, yunwa ta kama kowa, sannan a miƙa wa malam makirufo a raɗa masa cewa ya taƙaita. Alhali mutum ne da ya kwana biyu a hanya, ya kwashe makonni yana shiri. Ku sa koyarwarsa da safe, hankali na kwance. Ku ware lokacin tambaya na musamman, ku raba ƙananan takardu domin mai kunya ya rubuta tasa. Karniliyus ya bar mana misali a Ayyukan Manzanni sura 10: ya aiki mutane har Yafa su zo da Bitrus, kafin baƙon ya iso Kaisariya kuwa ya riga ya tara danginsa da aminansa suna jira. Ku ma ku shirya, ku karanta nassin da malamin zai koyar tun mako guda kafin zuwansa.

Ku kula da baƙonku. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma tabarmar ma a shimfiɗa. A samu mai tarbarsa a tasha, ɗaki mai tsabta, ruwan wanka, abinci a kan lokaci. Kuɗin mota da abin godiya a tsara su cikin kasafin taro tun farko, a miƙa masa a keɓe cikin mutunci. Yawancin malamanmu albashinsu bai taka kara ya karya ba, kunya ce ke hana su tambaya. Yesu da Bulus duka sun koyar cewa ma'aikaci ya cancanci hakkinsa.

Girmama malami kuma bai hana a auna maganarsa ba. An yabi mutanen Biriya domin sun karɓi koyarwar Bulus da marmari, suna kuma bincika Littattafai kowace rana su tabbatar. Afolos mutumin Iskandariya gwani ne wajen magana, masanin Littattafai, duk da haka Biriskila da Akila suka ja shi gefe a Afisa suka ƙara masa haske. Ku lura, gefe suka ja shi. In malam ya faɗi abin da ya saɓa wa abin da kuka saba ji, kada ku yi saurin kiransa mai ridda, kada kuma ku haɗiye don yana da digiri. Ku buɗe ayar, ku tambaye shi da ladabi, ku kai wa fastonku.

Bayan ya tafi, ku aika masa godiya a rubuce. Ku roƙi takardun koyarwarsa, ku zauna rukuni-rukuni ku bi su a makonnin da ke tafe. Da haka za ku san ko taron ya yi albarka: in bayan wata uku kuna karanta Littafi da kanku fiye da da, kuna kuma iya bayyana wa ƙannenku a makarantar Lahadi, to kuɗinku da gajiyarku ba su tafi a banza ba. Ubangiji ya ba ku hikima, ya sa albarka a taronku.