Albarushi Marar Hayaƙi: Zai Yi a Bindigar Toka?

Tambaya: Mahaifina maharbi ne, yana da bindigar toka. Na ji an ce a Amurka mutane kan ɗura harsashi da kansu da wani albarushi marar hayaƙi. Wane iri ne shi, kuma idan an samu za a iya zuba shi a bindigar Baba? Daga wani mai karatu a Ningi, Jihar Bauchi.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in fara da ƙarshen tambayarka, don a nan rai yake: kada a kuskura. Ko cokali ɗaya, ko da an gauraya shi da baƙin albarushin da ya saba. Haka kuma kada a farke harsashin zamani a zazzage na ciki a ɗura a bindigar toka.

Baƙin albarushin gargajiya, irin wanda 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan sallah har hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada, idan ya ƙone fiye da rabinsa toka da hayaƙi yake zama. Na zamani kuwa, wanda asalinsa auduga ce da aka sarrafa da sinadarai, kusan dukansa iska mai zafi yake komawa. Ga kuma halinsa: a fili ci kawai yake yi da wuta mai tsanani, amma da zarar an matse shi a bututu, matsin yana ƙara masa saurin ci, saurin cin yana ƙara matsi. Bututun da maƙeri ya ƙera ba don wannan aka yi shi ba. Gindinsa ne zai tsage, daidai inda kuncin maharbi da hannunsa suke.

Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fara samar da shi a 1884. Alfred Nobel ya fito da nasa a 1887, Ingila ta biyo baya da nata mai suna kodayit a 1889. Sojoji sun rungume shi don hayaƙi ba ya tona maɓoyarsu, bindiga kuma ba ta saurin yin datti.

Abin da ka ji game da Amurka gaskiya ne. Maharba da masu gasar harbi sukan tara kwanson harsashin da suka harba su sake ɗura shi, don rage kashe kuɗi ko don harbi ya ƙara daidaita. Sai dai ba aikin kintace ba ne. Irin albarushin ya haura ɗari, wani na saurin ci don ƙaramar bindiga, wani a hankali don doguwa, kuma ido ba ya iya tantance su. Shi ya sa kamfanoni kamar Hodgdon da Vihtavuori ke buga littattafan awon da suka gwada. Da sikeli ake auna shi, da ma'aunin da ake kira giren, wanda sai an tara wajen 15 ake samun giram ɗaya. Mai hankali a cikinsu gwangwani ɗaya tak yake ɗorawa a tebur, ya sa tabarau na kariya, ba sigari, ba hira, ya kuma leƙa kowane kwanso da tocila kada ya zuba sau biyu. Wannan leƙen ya fi burge ni, domin kuskuren da ya fi fasa musu bindiga na shagala ne.

Ajiya ma da ƙa'idarta. A cikin gwangwaninsa na asali yake zama, da sunansa a jiki, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da rana da wuta. Ba a kulle shi a akwatin ƙarfe mai ƙarfi, domin in gobara ta tashi akwatin zai zama bom. Na katako ake so, wanda zai buɗe ya saki iskar. Zafi yana lalata shi, ka kuwa san ɗakin kwano a watan Afrilu. Alamar lalacewa ita ce wari mai yaji da jar ƙura kamar tsatsa, kuma irin wannan yakan kama wuta da kansa. Abin da ya tarwatsa jirgin ruwan yaƙin Faransa mai suna Liberté ke nan a tashar Tulon a 1911, mutum sama da 200 suka rasu.

A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mallakar harsashi ba tare da lasisi ba, ita kanta bindigar toka da izinin 'yan sanda ake riƙe ta. Idan wani ya kawo wa Baba gari a leda ya ce ya fi ƙarfi, kada ya karɓa. In kuma akwai shi a gida, a raba shi da yara da murhu, a sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka.