Kalmomin Da Ke Ɓata Darasi

Babban kayan aikin malami bakinsa ne. Alli ya kan ƙare, littafi ya kan yage, amma abin da yaro ya ji daga bakin malaminsa da wuya ya manta. Saboda haka ya kamata duk mai shirin koyarwa ya san kalmomin da ke gundurar masu sauraro. Sun kasu kashi uku.

Na fari su ne kalmomin cika baki, kamar "wato", da "abin nan", da "kun gane ko?" Kowace tana da amfani a wurinta. Amma in malami ya ce "wato" sau talatin cikin darasi guda, yara sai su bar sauraron darasi, su koma ƙidaya a ƙarƙashin tebur. Kafin a yi hutu sunansa ya zama Malam Wato. "Kun gane ko?" kuwa ta fi muni, don amsarta kullum "I, Malam" ce, ko an gane ko ba a gane ba. In kana so ka san an fahimta, ka ta da yaro guda ya maimaita da bakinsa.

Na biyu shi ne Ingausa, a kama zance da Hausa, a tsoma Turanci a tsakiya ba dalili. Ba aro muke hanawa ba: "mota" da "asibiti" sun zama namu, kamar yadda "littafi" ya zo daga Larabci ya zauna. Abin ƙi shi ne a bar "amma" da "saboda" a gida a ɗauko na Turawa don burga. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi koyarwa a Midil ta Bauchi kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Turancinsa har Ingila an yaba shi, duk da haka wanda ya karanta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, zai tarar da Hausa tsantsa.

Na uku, wanda ya fi ɓarna, shi ne zagi: "jaki", "daƙiƙi", "ba ka da kai". Magana zarar bunu ce. Yaron da aka kira jaki gaban 'yan'uwansa ba ya ƙara ɗaga hannu, wani ma daga nan ya tsani makaranta.

Sai dai a lura, karin harshe ba ya cikin waɗannan. A Bauchi a kan ji "motan Audu" inda Bakano zai ce "motar Audu". Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a Zariya a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, sun daidaita Hausar rubutu, ita za a koya wa yara a allo. Amma kada a yi wa yaro dariya don ya yi maganar gidansu.

To, ina magani? Lokacin gwajin koyarwa ka roƙi abokinka ya zauna a bayan aji da takarda, ya ja layi duk sa'ad da ka faɗi kalmar da ta kama bakinka. In magana ta ɓace maka, ka yi shiru kaɗan ka tuna, ya fi "abin nan". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.